Hular Kwanon Lubwama

Tun kafin Lubwama ya san sanƙo ya kama shi, ni na sani. Mai aski yana ganin abin da mai kai ba ya gani. Shagona yana bakin kasuwar Kalerwe a birnin Kampala, daura da tashar 'yan acaɓa, kuma kusan duk wani kai na tashar nan ta hannuna yake bi.

Lubwama mutumin Masaka ne, shekararsa ashirin da shida. Ya zo Kampala yana ɗan sha tara, ya yi dakon ayaba, ya yi wankin babura, ya sha wuya kafin ya samu rigar tasha mai lamba goma sha bakwai a baya. Wanda ba shi da rigar nan ba ya ɗaukar fasinja a bakin kasuwa, sai dai ya yi ta gantali a titi. Da ita yake ciyar da matarsa Nakitto da 'yarsu. Tsofaffin mata shi suke jira, don ba ya gudu kuma ba ya ratsa kwata. Aibinsa ɗaya: in ya ƙulla abu a ransa, ko da gatari ba ka cire shi.

Ni na jawo wa kaina, ranar da na riƙa masa madubi ta ƙeya. Ya daɗe yana kallon tsakar kansa, inda fata ta fara leƙowa, sannan ya ce, "Hular kwano ce. Ita ke dafa min kai."

Na ce, "Uhm." Abin da nake ce wa kowa ke nan.

Daga ranar hula ta sauka daga kai ta koma gwiwar hannu. Can take rataye, sai in ya hango ɗan sanda ya kifa ta, da an wuce ya cire. Sai magunguna. Ya shafa man zurma, ya shafa tafarnuwa, ya shafa wani baƙin mai da ya saya a cikin bas, daga ƙarshe ya tsaya kan ruwan albasa kowace safiya. To fasinja a baya yake zama, iska kuma baya take kai wari. Wata mai sayar da kifi ta sauka a tsakiyar hanya, ta ce ita ma da ke sana'ar ƙarni ba za ta iya ba. 'Yan tasha suka sa masa suna Miyar Safe. Duk Asabar zai zauna a kujerata ya zayyana min sabon bayani, ni ina ta "uhm" ina riƙe numfashi.

Da na gaji, na ja shi wurin Madam Atim mai kemis. Ta yi masa bayani dalla-dalla: gado ne, akwai wani sinadarin maza a jiki da ke tsuke tushen gashi a kan wanda ya gada, hula ba ruwanta. Ta ce akwai na shafawa safe da yamma, sai an yi watanni kafin a ga alama, kuma in aka daina gashin zai koma zubewa. Akwai ƙwaya, amma sai likita ya rubuta, don wasu 'yan kaɗan takan rage musu kuzarin aure. Nan Lubwama ya miƙe.

"Garin neman gira in rasa ido? Madam, na gode."

Yana faɗin haka hular tana lilo a gwiwar hannunsa.

Tashar tana da doka tun bara, da aka binne ɗaya daga cikinsu: hula a ka, ko a ajiye riga. Shugaban tashar, dattijon da ake kira Ssalongo saboda yana da tagwaye, ya yi wa Lubwama gargaɗi sau biyu. A na uku ya karɓe rigarsa, ya kira taro ranar Juma'a da hantsi. Lubwama ya shigo shago da sauri, ya ce in zo in ba da shaida, tunda ni ne masanin kai, kuma ai na daɗe da yarda da shi. Sai a lokacin na gane abin da "uhm" ɗina ta haifar.

Suka taru kan baburansu, su kusan talatin. Ssalongo na riƙe da rigar mai lamba sha bakwai, a gefe kuma ga wani mutum da ya shekara yana jiran gurbi. Ssalongo ya ce, "Mai aski, ɗana, faɗa mana. Hula na cin gashi?"

Lubwama yana min murmushi. Na juya wajen Ssalongo. Na ce duk kawunan nan ni nake aske su, duk cikin hula suke yini, uku ne kawai masu sanƙo. Na ce shi kansa Ssalongo shekara ashirin yana sa hula, gashinsa har kilifa yake dakushe min. Sannan na faɗi abin da ban so faɗa ba: yayan Lubwama, malamin firamare wanda ko keke bai iya ba, ya zo aski wajena a Kirsimeti, kansa kamar bayan ƙwarya.

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a duba ko allo ne ya ci na yayan. Lubwama bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ma, ɗan'uwa?"

Ssalongo ya ɗaga rigar. "Kai ko gashi, Lubwama. Zaɓi ɗaya, ina da aiki."

Ya tsaya har na ɗauka zai juya ya tafi. Sai ya zare hular daga hannu, ya kifa, ya ɗaure igiyar a haɓa. Ssalongo ya wurga masa rigar.

Mako biyar bai taka shagona ba, ko gaisuwata ba ya amsawa. A na shida ya shigo, babu warin albasa, da 'yar kwalbar Madam Atim a aljihu. Ya zauna ya ce a rage gefe kawai. Da ya cire hular na ga ya shimfiɗa ɗanyen ganyen ayaba a ciki.

Ya ce, "Don ta rage dafawa. Ko ba haka ba?"

Na buɗe baki zan ce "uhm", sai na kashe kilifa.

Na ce, "A'a, ba haka ba ne. Sunkuyar da kai."