Buhun Yashin da Yaya Habu Ya Ɗaga

Shekara goma ke nan da kashe yayana Habu a bakin kanal ɗin ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Na ce kashewa, don na gaji da jin ana cewa rasuwa, kamar zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Da fartanya aka fasa masa kai, tsakar rana, a gaban idona.

Yaya Habu malamin jami'a ne, aikinsa lissafin sararin samaniya. Abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai shi ne baƙin rami, wato tauraron da ya mutu ya rufta cikin kansa, har ƙarfin jansa ya kai ko haske ne ya faɗa ciki ba ya fita. Ni da nake noman tumatir nakan tsokane shi in ce, "Yaya, ramin da ba a shuka komai a ciki, ina amfaninsa?" Sai ya ja ni inda kanal ke nutsewa ƙarƙashin titi, inda ruwa ke juyi kafin bututu ya haɗiye shi, ya jefa kara. Ya ce akwai wata iyaka da ido ba ya gani. Kafin ta karan zai iya tsira, bayan ta babu dawowa. Abin tsoron, in ji shi, wanda ya tsallaka iyakar baƙin rami ba ya jin ya tsallaka komai. Mai kallo daga nesa kuwa ba zai taɓa ganin shigarsa ba, sai dai ya gan shi kamar ya daskare a bakin, yana dusashewa.

A ranin shekarar da aka kashe shi ruwa ya yi ƙaranci. Al'adarmu, kowane ɓangare da ranarsa, masu rana su tare ruwa da buhunan yashi. Kuma ba mai taɓa buhun wani sai dattijon da manoma suka naɗa. Ko ranarka ce, ko tumatirinka na ƙonewa, jiran dattijo za ka yi. Ran nan ranarmu ce, mutanen gonakin sama suka ƙi janye buhunansu, dattijo kuma ya tafi kasuwa. Muka tsaya cirko-cirko, kowa da adda ko gora.

Yaya ya zo hutu, zaman birni ya mantar da shi wannan doka. Ya dubi ruwan, ya auna shi da ido, ya ce in aka ɗaga buhu ɗaya tak zai ishi kowa. Wataƙila ma gaskiyarsa ce. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga yana bayani yana murmushi, ya ɗaga buhun. Tanko na gonakin sama, maƙwabcin da ya ci tuwon sunan 'ya'yanmu, shi ya sauke masa fartanya. Har gobe ina jin ƙarar. Ruwan ya yi ja, ya ɗebe shi ya nufi bututu. Na cafki rigarsa, ta yage a hannuna. Kafin a tsamo gawarsa a ƙetaren titi, an sare hannun mutum, an farfasa injinan ban-ruwa, an cinna wa rumfunan bakin gona wuta.

Bayan tafiyarsa masana sun ɗauki hoton baƙin rami, na gan shi a waya: zobe ja, tsakiya baƙi ƙirin. Na yi kuka don haushi. Da yana nan da bai yi barci ba don murna. Amma da ya waiwayo ya ga har yau muna ɗaukar adda in za mu ban-ruwa, na san shiru zai yi, irin shirun da yake yi in ɗalibi ya maimaita kuskure.

Ɗansa Mustapha yana wurin ranar da abin ya faru, kuma ban ga ya bar wurin ba har yau. Ya girma, ya yi gemu, amma idonsa na kan ubansa a tsaye cikin ruwa da buhu a hannu. Bana Tanko ya fito daga kurkuku, da furfura. Ruwa ya sake ƙaranci, rigima ta sake tashi a kan buhu. Kafin in ankara Mustapha ya kai Tanko ƙasa, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya ɗaga adda. Na damƙi kaifin da hannuna.

"Baffa, sake ni. Shi ne fa."

"Na san shi ne. Ubanka ya ce mai tsallakawa ba ya jin komai. Kai ma yanzu ba ka jin komai. To, nan ne bakin."

Jinina na ɗiga a fuskar Tanko. Can Mustapha ya sassauta, ya wurga addar cikin kanal, ya durƙusa yana kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Ban yafe wa Tanko ba, ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Lissafin Yaya kuwa ban taɓa gane ko layi ɗaya ba. Abin da ya bar mini karan nan ne da ya jefa a ruwa, kuma ya isa. Yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa yanzu, amma jiya ɗansa ne ya riƙe mini tiyo muka shayar da tumatir. Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya haskaka kabarinsa.