Sajan Ilu Ya Tsaya wa Makara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina cikin wanke keke napep ɗina a Gwallaga ƙanena Nura ya bugo min waya, wai Sajan Ilu ya rasu.

Har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Ga wanda bai san shi ba, Sajan Ilu ne ke koya wa ƙananan sojoji a barikin Shadawanka yadda ake gane bam ɗin da aka binne a hanya, da yadda ake shinshino kwanton ɓauna. Nura ɗalibinsa ne, tare aka tura su daji. Ni kuwa mai kekensa ne shekara da shekaru.

Bawan Allahn nan ya wahalar da ni. Ba ya yarda mu bi hanyar da muka bi jiya. Daga bariki zuwa Ƙofar Wambai sai mun zaga rabin gari. In na yi ƙorafi ya ce, "Malam Sabo, abokin gaba na yanzu ba ya sa kaki. Inda ka saba bi, nan yake jiranka." In ce, "Haba Oga, a cikin Bauchin ma?" Sai ya yi dariya ya saya mana masa.

Da matata ta kwanta asibiti, shi ya ba da jini, ya hana ni gaya wa kowa.

Ranar tafiyarsu ya dafa kafaɗata ya ce, "Nuranka yana hannuna. Na koya masa kada ya yarda da komai a hanya."

To ga abin da ya ɗaure min kai. Nura ya ce a bakin wani ƙauye suka ci karo da mutane ɗauke da makara, an lulluɓe ta da tabarma, suna tafe suna salati. Sajan ya tsayar da motar gaba, ya sauko don kada su ratsa jana'iza, kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Ashe ba gawa ba ce a ciki, bindigogi ne. Nan take suka buɗe masa wuta.

Mutumin da ko ledar da aka yar a titi sai ya zarge ta!

Kuskure ya yi? Wallahi ban sani ba. Ni ma da ni ne, da na tsaya. Duk tirenin ɗin duniya, wa ya taɓa koya wa ɗan Musulmi ya zargi gawa?

Nura ya tsira, amma yana can, gobe ma hanyar za su sake bi. Ya ce min, "Yaya, in na ƙara ganin makara, in tsaya ko in wuce?"

Ana haka layin ya yanke.

Allah ya jiƙan Sajan Ilu, ya karɓi shahadarsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya kuma haɗa da Nura, Allah ya nuna masa abin yi gobe, tunda ni yayansa na kasa.