Ranar da Na Wanke Tandar Inna

Da masa Inna ta raine mu a Bagudo, da masa kuma ta kai ni makarantar koyon aikin lafiya a Birnin Kebbi. Can aka koya mini sunayen ƙwayoyin cuta, na dawo gida ina ganinsu ko'ina, har a tafin hannun mai miƙo mini gaisuwa. Darasin da na fi haddacewa dai shi ne ɗaga hanci.

Madafar Inna ɗakin ƙasa ne a kusurwar gida. Shekara da shekaru ana suya a ciki, maiƙo ya zauna daram a kan kantar ajiye kaya, da murafen tukwane, da ƙofar langalanga. In ka dafa ƙofar sai yatsa ya manne. A cikin wannan ɗaki na girma, ban taɓa ganin aibinsa ba sai da aka ce gwaggonnin saurayina za su zo daga Birni su ga gidanmu. Nan take kunya ta rufe ni. Ba zan ɓoye ba, kunyar madafar uwata na ji, har da zanen da take ɗaurawa in za ta yi suya.

Ana gobe za su zo, Inna ta gama cinikin safe ta tafi ta'aziyya Kurgu. Ƙafarta na fita na tafi kasuwa na sayo soson ƙarfe da garin sabulun nan da ake kawowa daga tsallaken iyaka, mai rubutun Faransanci da ƙamshin turare. Na dafa ruwa babbar tukunya, na jefa kanwa. Tsohon maiƙo ba ya jin ruwan sanyi. Sai ka kwara masa ruwan zafi, ka bar shi ya yi laushi, ka kankare da bayan wuƙa, sannan ka bi da toka da soso. Haka na bi kantar, na bi murafai ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙofar nan shuɗiya ce, ban taɓa sani ba. Yatsuna suka saɓule, ni kuwa sai jin daɗi nake, ina ta hango gwaggonni sun leƙo suna jinjina kai.

Sai idona ya kai kan tanda. Ta ƙasa ce, mai gurbi tara, kakarmu ta zo da ita daga ɓangaren Benin lokacin da aka kawo ta aure. Baƙa ƙirin, tana sheƙi. Ban taɓa ganin Inna ta sa mata ruwa ba, in ta gama suya sai ta goge ta da tsumma mai mai ta kife. Ni da ilimina na fassara wannan da ƙyuya. Na tsoma ta cikin baho na ruwan zafi da sabulu tun azahar har la'asar, na zauna na dirje ta gurbi-gurbi har jar ƙasa ta fito. Na shanya ta, na mayar na kife a inda take.

Inna ta dawo bayan magariba a gajiye. Ta haska kantar da fitila, ta shafa ƙofa.

"Sannu da aiki, ɗiyata. Ke ɗai kinka yi wanga duka?"

Na ce ni kaɗai. Kaina ya yi girma, na kwana ina yaba wa kaina.

Da asuba ta hura wuta, ta jawo ƙullun da ya kwana ya tashi, ta birkito tanda. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran kashi na biyu na yabo. Ta daɗe tana kallonta. Ta sa babban yatsa a gurbi ɗaya, ta kai hanci.

"Da sabulu?"

"Da sabulu, Inna. Ai dauɗa ce ta taru."

"Ba dauɗa ba ta," in ji ta, a hankali. "Man kakarki na, da nau."

Sai a lokacin na gane abin da kowace yarinyar unguwarmu ta sani ba tare da ta je Birni ba. Wannan baƙin shi ke hana masa kamawa, kuma ƙasa tana shan duk abin da aka ba ta. Ni kuwa sabulu na ba ta, tun azahar har la'asar.

Duk da haka Inna ta ɗora ta. Ta zuba mai, tanda ta shanye, ta ƙara, ta shanye. Ta zuba ƙullu, da ta zo juyawa sai ya manne ya dagargaje, ƙamshin turaren sabulu ya cika ɗakin. Masu saye sun fara taruwa a zaure da kwanoninsu. Ta fita da kanta ta ba su haƙuri, abin da ban taɓa ganin ta yi ba in ba ciwo ko rasuwa ba. Sai da maƙwabciyarmu ta gama nata cinikin sannan aka aro tandarta ta ƙarfe. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, hannun Inna bai saba da shi ba. Masar ta fito waje ya ƙone, ciki bai gama nuna ba.

Baƙi suka iso da hantsi, mata uku. Ko ɗaya ba ta kalli wajen madafa ba. Babbar cikinsu, yayar uban saurayina, tana zama ta kama hannun Inna. Ashe ta taɓa zama a Bagudo tana amarya, lokacin da mijinta ke aiki a bakin iyaka, kuma a zaurenmu ake sayo mata karin kumallo.

"Tun cikin mota nika ba su labarin masarki," ta ce. "Na ce musu yau za ku ci abin da babu irinai Birni."

Ni na kawo tiren, na durƙusa na ajiye. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta tauna a hankali, ta duba cikinta.

"Hajiya, masar ga ta canza hwa. Ko bakina na?"

Ina durƙushe a gabansu, butar wanke hannu na hannuna. Inna ba ta ko dube ni ba.

"Ba bakinki ba na," ta ce tana murmushi. "Tsuhwa ta. Hannu ya hwara gardama."

Gwaggo ta ce Allah sarki, ai ga ɗiya ta taso, 'yar makaranta mai tsabta, sai ta hutar da ke. Duk suka yi dariya suna kallona. Kalma huɗu kawai ake buƙata a wurin: ni na wanke tandar. Suna bakina, na haɗiye su, don kada a koma Birni a ce amarya ba ta san tanda ba. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar surukai ce.

Inna ta yi makonni tana ɗora tandar a wuta tana ba ta mai, ƙamshin sabulu ya ƙi fita. Daga baya ta ba da saƙo aka sayo mata ta ƙarfe daga kasuwar Dole Kaina, ta koyi hannunta. Ciniki ya dawo, amma tsofaffin masu saye ba su daina cewa masar da ta fi ba. Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

Da aka kwance kayana a gidan miji, a ƙarƙashin tukwane na tarar da tandar, naɗe cikin zanen suyar nan da nake jin kunya. Da Inna ta zo ganin ɗaki na tambaye ta me zan yi da ita.

"Aje ta," ta ce. "Ke kinka hi kowa shan wahala kanta."

Tana nan bisa kantata. Duk Asabar ina dirje madafata da ruwan zafi da kanwa, ita ce kawai ba na taɓawa. Gwaggo kuma tana nan da ranta, kuma duk lokacin da aka kawo masa a taron dangi sai ta ba da labarin wata mai masa a Bagudo da hannunta ya tsufa da wuri. Sau uku tana faɗa ina zaune a wurin. Har yau ban gyara mata ba.