Tsakuwar Ƙarƙashin Gadar Coci

Daga watan Mayu har sanyi ya kawo kai, duk wanda ya bi ta gadar coci da safe zai hango Gunvor Aune a tsakiyar rafin Svartbekken, ta duƙa kamar mai neman allura. Wandon roba har ƙirji, bokiti mai gindin gilashi a hannu, butar kofi da burodi da jan cuku na jiranta a kan dutse. Kullum sama take nufa, tana fuskantar ruwa, don lakar da ƙafarta ta tayar ta bi ta bayanta. Shekara talatin da huɗu ke nan tana ƙirga ƙumbar rafin nan, baƙar katantanwar nan mai murfi biyu da ke tsaye cikin tsakuwa, wadda yawancinmu muke ɗauka dutse ne. A ƙarshen watan nan ta ajiye aiki.

Ba mu raga mata ba, gaskiya. Wanda ya fi kowa tsokanarta kuwa shi ne Torleif, ƙanin mijinta, mai taraktar ƙauyen. In dodon koɗi ya cinye masa kabeji, sai ya tsaya a kan gada ya ce ta ja wa danginta kunne. Ita kuma ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ce ai ba ta musu, dangi ɗaya ne: na lambu mai goyon gidansa, da na teku da muke dafawa, har da ɗan'uwansu na teku mai hannu takwas da ya yar da gida tun tuni. Sai dai nata na rafi ba su taɓa cin kabejin kowa ba, ruwa suke tacewa, kuma akwai waɗanda suka girmi kakan Torleif a cikinsu.

Can ne damuwarta take. Ƙumbar rafin duk tsofaffi ne, masu shekara tamanin, ɗari, har sama. Tunda ta fara aiki ba ta taɓa ganin ƙarama mai rai ba. Haihuwarsu kuwa da wuya: uwa ta saki 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, dole kowanne ya maƙale a kumatun kifin rafi ya yi hunturu a nan, sannan ya faɗo ya nutse cikin tsakuwa mai tsabta wajen shekara biyar kafin ya leƙo. Laka ta rufe wurin, shi ke nan. Gari ne na tsofaffi babu kukan jariri, ita kuma jaririn take nema.

Mun gani da idonmu shekarar fari, da ruwa ya janye, ta kwashe ƙumba sama da ɗari shida ɗaya bayan ɗaya zuwa zurfi, har yatsunta suka tsage. Mun ga ta dasa itatuwa a bakin rafi don inuwa. Ke ce uwar marasa baki, Gunvor. Mu kuma ga abin da muka saka miki da shi.

Masu irin aikinta suna da ƙa'ida: ba sa faɗa wa kowa inda ƙumba take, ko miji, saboda ɓarayin lu'ulu'u da kan fasa ƙumba ɗari don neman ƙwaya ɗaya a ciki. Shi ya sa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a taron shirya gayyar share ƙauye kafin bikin ranar ƙasa, da ta miƙe ta roƙi kada a taɓa ruwan ƙarƙashin gada, ba ta faɗi dalili ba. Aka tambaya, ta ce a dai bari. Torleif ya ce a rubuta, sarauniyar duwatsu ta kafa doka. Ɗaki ya ɗauki dariya, ta zauna.

Ranar Asabar ɗin gayyar ta kai mijinta asibiti a birni. Hanyar da yara za su bi da tutoci duk ramuka ce, ga tsakuwa wankakkiya a ƙarƙashin gada tana ƙyalli. Torleif ya sa tarakta ya kwaso, mu kuma muka baza da shebur, aka sha kofi aka ci waina ana yabon kai.

Da la'asar Torleif ya dawo ɗaukar kayansa, ya tarar da ita durƙushe a kan sabuwar hanya da kayan zuwa birni a jikinta, tana tsince wasu abubuwa tana zubawa a tafin hannu. Ya matso. Ƙananan ƙumba ne, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba, rana ta riga ta buɗe musu baki. Arba'in da ɗaya ta samu. Ta daɗe tana zargin suna cikin tsakuwar ƙarƙashin gadar, ta ƙi tonawa don kada ta dame su, ganinta da su na farko ke nan.

Ya so ta zage shi. Da ta yi, da ya samu abin kamawa. Sai ta ce, "Torleif, da na gaya maka, ai da ba ka yi ba. Laifina ne."

Ya rasa inda zai sa kansa. Bayan kwana uku duk ƙauyen ya bi ta kan tsakuwar nan da tutoci da kaɗe-kaɗe, shi yana busa ƙaho a layin gaba, yana jin ƙararta a ƙarƙashin takalminsa. A rahotonta ba ta ambaci sunan kowa ba, ta rubuta cewa mun kwashe tsakuwa, ta sa kanta a ciki. Tun daga ranar Torleif ya daina tsayawa a kan gada. In zai je gona, zagaye yake yi ta hanyar injin katako, mu kuma muka yi kamar ba mu lura ba, don kowa ya san shebur ɗin da ya riƙe.

Ke kuwa kika koma ruwa. Ke ce kika samo wata tsakuwar, kika wanke ta da manjagara bazara bayan bazara, gwiwoyinki na ciwo, ba wanda ya ce miki sannu. Har ranarki ta ƙarshe ba ki sake ganin ƙarama ko ɗaya ba.

A walimar sallama a ɗakin taro, aka ba Torleif jawabi tunda shi ne dangi. Ya ninke takardar da ya rubuto, ya faɗi abin da ya yi tun daga taron har ranar Asabar. Ba wanda ya iya kallon na kusa da shi. Kunya muka ji, irin wadda ba a wanke ta da kyautar agogo.

Gunvor ta miƙe da ƙyar, ta ce ya zauna haka nan, kofi na hucewa. Sannan ta ciro taswirar rafin, wadda ko mijinta bai taɓa gani ba, ta manna a bango. Wurare uku ta zana da ja.

"Kaka biyu ke nan ina ganin 'ya'ya a kumatun kifi," in ji ta. "In sun rayu, suna nan, da nan, da nan. Sai bayan shekara huɗu ko biyar za su leƙo, ni kuma ba zan iya duƙawa ba. Wancan karon na ɓoye, sun mutu. Yanzu ga shi kun sani."

Mun gode, Gunvor, godiyar da ta makara. Kin ba mu amanar da ba mu cancanta ba. Ku kuma masu karatu, in wani mai shiru-shiru a garinku ya ce a bar wuri, ku bari tukuna, ku tambaya daga baya. Mu nan ba mu da sauran uzurin rashin sani. In aka leƙa bayan shekara biyar ba a ga komai ba, ba wanda za mu nuna sai kanmu.