Baba Ilu da Na'urar Numfashi

Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Wangsa Maju da hantsin ranar Talata, ina jiran wanda zai kai ni makaranta, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Asabe ce, matar Baba Ilu. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Sai kawai ta ce, "Rabi, Babanku ya rasu." Ta ce ya dawo daga sallar asuba da ƙafarsa, ya zauna ya nemi shayi, kafin ta kawo masa rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jirgi ya zo, ya buɗe ƙofofinsa, ya rufe, ya tafi, ni kuwa ina nan inda nake.

Sunansa Malam Ilyasu, amma mu ɗaliban Arewa da ke Kuala Lumpur Baba Ilu muke ce masa. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, ya tashi a bakin kogin Kwara. Karatu ne ya kawo shi Malesiya tun yana saurayi, daga baya ya sami aikin kula da kayan nutso a sashen nazarin teku na jami'ar da nake karatu, ya zauna a nan har gashinsa ya yi fari. Ba malamin aji ba ne, kuma ba a taɓa kiransa dakta ba. Amma duk wanda zai shiga ƙarƙashin ruwa da sunan bincike a sashenmu, sai kayansa sun bi ta hannunsa.

Ni Bakatsiniya ce. Kafin in zo ƙasar nan ban taɓa ganin teku ba sai a hoto, ga shi kuma bincikena a kan murjanin da ke tsirowa a ƙasan teku ne, wanda ba a isa gare shi sai an nutse. Bayan na koyi iyo da nutso, malamina ya ce ya kamata in mallaki regileta tawa ta kaina. Ga wanda bai sani ba, ita ce na'urar da ake ɗaurawa a bakin tukunyar iska, ta rage ƙarfin iskar, ta biyo da ita ta mesa zuwa bakin mai nutso. Idan ta tsaya kana ƙasan ruwa, numfashinka ne ya tsaya.

Na riga na zaɓi wadda nake so a intanet, mai ƙyalli, wadda kowa ke yabo. Na nuna wa Baba Ilu hotonta ina jiran ya ce madalla. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ranar Asabar mu je shagon tare, ni da ke da Hajiya."

Muka je. Mai shagon ya ɗauko ta yana ta zuba bayani. Baba bai katse shi ba har ya gama, sannan ya yi masa tambayoyi uku da harshen Malay, yana maimaita mini da Hausa. Idan zoben robar da ke ciki ya tsufa, za a sayar wa mai ita sabo? Akwai littafin gyaranta da mai ita zai iya samu? Tana buɗuwa da sifana irin ta kowa, ko sai da wani makulli na kamfani? Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Tak boleh, Pak Cik." Wato ba zai yiwu ba, sai dai duk shekara a kawo musu su yi mata sabis.

Baba ya juyo gare ni ya ce, "Rabi, in kin gama karatu ina za ki?"

Na ce, "Gida, Baba."

"To a gida wa za ki kai wa? In ta fara tsiyayar iska kina bakin dam, jirgi za ki hau ki dawo nan?"

A gaskiya raina ya ɗan ɓaci, don na riga na sa ran waccan. Daga ƙarshe muka ɗauki wata baƙa, marar ado, wadda kayan cikinta ba su da yawa, kuma masu ƙera ta sun yarda su sayar da kayan gyara ga duk wanda ya yi horon da suka sharɗanta. A hanya ya ce mini, "Kayan da ba ya buɗuwa a hannun mai shi, aro ne, ko da sunansa a jiki."

Daga nan duk ranar Asabar da safe ina gidansu a Taman Melati. Yana da ɗan tebur a baranda, ya shimfiɗa farin tawul a kai, don ya ce ƙaramin zobe ba ya ɓuya a kan fari. Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, tana mana tsiya wai mun mayar mata da baranda gareji. Ya koya mini in jera kowane ƙarfe daga hagu zuwa dama yadda na ciro shi. Ya koya mini wanke gishirin da ya daskare, da irin man da ake shafa wa roba da wanda in an shafa zai cinye ta, da yadda ake ɗaure noti iya gwargwadon da littafi ya ce. Ba ya ɗaga murya. In na yi kuskure sai kawai ya daina magana, ya naɗe hannu, har in gano da kaina.

Akwai ranar da na ji kunya ƙwarai. Ina mayar da wani zobe sai bakin ƙarfe ya ɗan yage shi, abin da ido da ƙyar zai gani. Na gaji, ga azahar ta gabato, sai na tura shi haka na rufe. Baba ya karɓa, ya ɗaura a tukunya, ya tsoma a bokitin ruwa. Ƙananan kumfa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Kin gani lokacin da ya yage?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na gani, Baba."

Ya ce, "Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya. 'Yata, ni za ki iya ɓoye mini, amma ruwa ba a yi masa wayo. Je ki yi salla, ki ci abinci, ki dawo mu sake daga farko." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Kada wani ya ɗauka kowa yake ce wa ya buɗe kayansa. Akwai wani abokin karatunmu, mai saurin hannu da gajen haƙuri, da ya zo yana so a koya masa a yini ɗaya. Baba ya gwada shi sau biyu, sannan ya ce masa kai tsaye, "Kai dai ka riƙa kai taka shago. Ba aibu ba ne. Aibu shi ne ka buɗe abin da ba za ka zauna ka rufe shi daidai ba." Ni ma sai da na yi horon, na sami takarda, ya gwada aikina a bokiti da tafkin iyo sau da dama, kafin ya yarda in shiga teku da abin da na haɗa da hannuna.

Na daɗe ban san abin da ya sa ya ɗauki wannan al'amari da zafi haka ba. Wata rana muna shan shayi a shagon mamak, wato mai shayi da abinci, da ke ƙasan gidansu, shi nasa ba sukari saboda likita ya hana, sai ya ba ni labari. Ya ce wata shekara ya je gida hutu, kwale-kwalen 'yan kasuwa ya kife a kogi, ƙanensa Bala yana ciki. A garin akwai kayan nutso da wasu suka taɓa bayarwa kyauta, suna kulle a sito. Aka buɗe masa, ya tarar tukwane da iska, amma robobin na'urorin duk sun bushe sun tsage, babu na canji, kuma irin waɗanda ba sa buɗuwa sai da makullin kamfani ne. Ya ce, "Na iya nutso, ga kaya a gabana, amma haka na tsaya a gaɓa kamar kowa. Ba na cewa da zan cece shi, kwanansa ne ya ƙare. Amma kwana uku mahaifiyarmu tana zaune a bakin ruwa kafin a same shi." Ya juya kofinsa a kan tebur, ya ce in sha shayina kada ya huce.

Amfanin abin da ya koya mini ya bayyana a wani tsibiri da ke gaɓar Terengganu. Mun je ɗibar samfuri, kwana huɗu kacal muke da su kafin iskar damina ta rufe teku, kuma in na rasa su sai wata shekara. Da safiyar rana ta biyu na buɗe tukunya, na ji na'urata tana huci ba tsayawa. Babu shagon gyara a tsibirin. Na kira Baba.

Ya ce, "Kin karya kumallo?"

Na ce, "Baba, jirgin ruwan da zai kai mu wurin nutso zai tashi ya bar ni!"

"Ya tashi mana. Akwai na rana. Ɗaura gejinki na auna iska ki faɗa mini abin da allura take yi."

Na ɗaura. Na ce allurar ta tsaya, sai kuma ta ci gaba da hawa a hankali. Ya ce, "To me ke nan?" Na ce ɗan abin da ke toshe iskar ne ya cinye. Ya ce, "Kina da sabo a jakarki. Shimfiɗa tawul. In kin gama ki gwada a ruwa mai iya ƙugu, ki sa shugaban tafiyarku ya duba, sannan ki kira ni." Ya kashe waya. Na bi jirgin rana, na kuma gama aikina a cikin kwanakin. Da na dawo Hajiya ta faɗa mini a ɓoye cewa ranar bai iya cin abinci ba, yana ta kai da kawo a baranda da waya a hannu har na kira.

A shekarunsa na ƙarshe, bayan ya yi ritaya, ya riƙa karɓar tsofaffin na'urori daga abokansa masu nutso, yana zaɓar masu sauƙin buɗewa yana gyarawa. Niyyarsa ya kai su Yawuri, ya zauna wata biyu ya koya wa matasan masunta nutso da gyara gaba ɗaya. Ya rubuta bayanin da Hausa a wani littafi mai koren bango, da zane-zanen hannunsa. Ya gama gyaran na'urori huɗu, biyu suna buɗe a kan teburin. Ganina da shi na ƙarshe yana neman kalmar Hausa da zai kira wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙusa, muka yi ta gardama, Hajiya ta ce mu kira shi duk abin da muka ga dama mu zo mu ci tuwo.

An yi masa salla bayan azahar a masallacin unguwarsu. Ban san yana da jama'a haka ba. Ga ɗalibanmu na Arewa, ga tsofaffin abokan aikinsa 'yan Malay, wasu sun tuƙo mota tun daga gaɓar teku. Injiniya Dauda, Kirista ɗan Filato da suka yi shekaru suna nutso tare, ya tsaya a wajen masallaci har aka fito, ya bi su maƙabarta. Da yamma babban ɗansa Sadiq, wanda aka haifa a nan kuma Hausarsa ba ta nuna sosai ba, ya miƙo mini koren littafin. Ya yi ƙoƙari ya ce da Hausa, "Anti, Baba ya ce ke kin sani." Na karɓa. Na yi wa Hajiya alkawari zan ƙarasa biyun da suka rage, kuma in Allah ya kai ni gida zan kai su inda ya nufa.

Ya Allah, ga bawanka Ilyasu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi, ka haɗa shi da iyayensa da ɗan'uwansa a Aljannar Firdausi. Ka ba Hajiya Asabe haƙurin wannan rashi a ƙasar da ba tata ba, ka raya 'ya'yansa Sadiq da Maryam da Bilkisu, ka shirya su, ka zama gatansu. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.