Malam Hamidu da Shari'ar Gwiwa

Ina wanke motar maigidana a unguwar Abhur ta Jidda, ranar Laraba da hantsi, Usman mai shayi ya kira ni daga Balad. Bai yi doguwar gaisuwa ba, kuma wannan ba halinsa ba ne. Ya ce Alƙali ya buɗe shago da safe, ya zauna, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a samo mota Allah ya karɓi abinsa. Na kashe famfo, na tsaya da soso a hannu. Wanda ya fara faɗo mini a rai shi ne Nasiru, ɗan Alƙali da ke karatu a Amurka, saboda akwai magana tsakaninsu da ba a kai ƙarshenta ba.

Ku da kuka zauna a ƙofar shagon nan kun san inda sunan Alƙali ya samo asali. Sunansa na yanka Hamidu, mutumin Birnin Ƙonni, ya daɗe a Jidda yana gyaran akwatunan matafiya a wani lungu na Balad, wannan zif ya tsinke, wancan taya ta fita. Bai taɓa shiga kotu ba. Alƙalancinsa na ranar Juma'a ne bayan la'asar, in mun taru kallon kokawar zamani a waya, irin wadda ake yi a kan katifa, ɗaya da jar riga ɗaya da shuɗiya. Ko wayar wa ce, shi ke riƙe ta. Babban yatsansa na shawagi a samanta kamar shaho a kan 'yan tsaki. Da zarar gwiwar ɗan kokawa ta taɓa katifa sai ya danna, hoto ya tsaya cak, ya ce, "Halas. An yi kaye." Sai ya kife wayar, ya miƙa wa Usman kofinsa.

A garinsu haka dokar take, gwiwa ta taɓa ƙasa an gama da kai. Ita kuwa kokawar katifa da gangan ake sa gwiwa, gwani shi ne mai nutsawa ƙasa ya cafko ƙafar abokin karawarsa. Saboda haka a wajen Malam Hamidu duk wanda duniya ta rataya wa zinare kayayye ne, wanda kuma aka yi ta jujjuyawa kamar waina bayan an kife wayar, shi ne zakara. Mu sai mun koma gida muke ganin yadda wasa ya ƙare. In mun kawo masa labari wata Juma'ar sai ya ce abin da aka yi bayan kaye ba kokawa ba ce, dambarwa ce, shi kuwa ba ya kallon dambarwa. Yakan ƙara da cewa shari'arsa ba ta cin data, mu gode masa.

Wanda ya fi shan wahalarsa Injiniya Kabiru ne, ɗan Kano mai aiki a wani ofis a unguwar Bagdadiyya. Shi ya san abin ciki da bai, musamman kokawar 'yan kwaleji ta Amurka, wadda yake bi kamar yadda wasu ke bin ƙwallo. Mukan yi gardama da shi, ni da Usman, ko wacce ta fi, ta kwaleji ko ta ƙasa da ƙasa. Usman ya ce ta ƙasa da ƙasa ta fi tsabta, in ka juya mutum ka ci, in ka kasa a tashe ku. Injiniya ya ce ta kwaleji ta fi nuna juriya, don wanda ke ƙasa sai ya ƙwaci kansa. Wata rana ya ɗaura niyyar fahimtar da Alƙali. Ya zo da takardar burodi, ya zana da'ira, ya yi bayanin maki dalla-dalla. Malam Hamidu ya saurara har ƙarshe yana ɗinkin zif, sannan ya tambaye shi ko kokawa ce ko jarrabawa.

Injiniya bai karaya ba. Ya nuna masa yadda 'yan kwaleji ke fara zagaye na biyu, ɗaya ya durƙusa gwiwa biyu hannu biyu, ɗayan ya dafa shi ta baya, sannan a busa usur. Malam Hamidu ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo. Ya tambaya wa ya kayar da yaron. Aka ce ba kowa, shi ya zaɓa da kansa.

"Da iyayenshi a wurin?"

Aka ce wataƙila suna cikin masu tafi. Ya girgiza kai ya ce ko gaban surukai ba a irin wannan durƙuson. Da aka zo kan cewa wanda ya daɗe a kan abokinsa ana ƙara masa maki, sai ya ce a garinsu jaki ake hawa a daɗe, kuma mai jakin ake biya, ba mahayin ba. Injiniya ya naɗe takardar burodinsa. Bai daina zuwa ba, amma daga ranar shayi kawai yake sha.

Sai kuma ranar mai kunne, wadda na san duk kun ji labarinta, ni kuwa a gabana aka yi. Wani dattijo ya zo umra daga duwatsun Rasha, gajere, faffaɗa, ya kawo akwatin da tayarsa ta karye. Kunnuwansa a murɗe suke kamar ƙosai, alamar wanda ya tsufa a katifa. Malam Hamidu ya gyara tayar, amma ya zauna a kan akwatin. Ba su da yare ɗaya sai 'yar Larabcin sallah. Ya nuna kunnen mutumin, ya nuna ƙirjinsa, ya ce yalla, wato su kama kokawa. Muka yi ta ba shi haƙuri, Usman har yana tuna masa da hawan jininsa. Baƙon ya yi dariya, ya miƙa wa matarsa hularsa.

Ban ga yadda aka yi ba, don ƙiftawar ido ce. Na dai ga baƙon ya nutsa, sai ga Malam Hamidu a sama, ƙafafu na lilo, an ɗora shi a hankali a kan tulin akwatuna kamar kayan da ake tsoron fashewarsu. Lungu ya cika da dariya. Shi kuwa daga can sama, yana haki, ya nuna wandon baƙon, inda ƙura ta yi tambari a gwiwa.

"Ku shaida. Tashi ta riga taɓawa."

Ya sa aka sauko da shi, ya rungume mutumin, ya ƙi karɓar ladan gyara, wai ba ya cin kuɗin wanda ya kayar. Baƙon ya tafi yana godiya, bai san an ci shi ba.

Duk wannan dariya ce, kuma da a nan ta tsaya da ban rubuta komai ba. Amma shari'ar gwiwa ta shiga gida.

Nasiru a Jidda aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta gaisuwa ce da neman abinci. Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa Hajiya Rabi, ya ɗauke shi Amurka karatu. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa da waya a hannu kowace Juma'a, can ya je ya shiga ƙungiyar kokawa ta kwalejinsu, kuma Allah ya ba shi. Ranar da ya turo bidiyon wasansa na farko, Malam Hamidu ya sa sabuwar riga, ya sayo wa kowa sambusa, abin da bai taɓa yi ba. Muka kewaye shi. Ga Nasiru nan, ya yi wuya, ya yi kafaɗa. Aka busa usur, suka ɗan zagaya, yaron ya nutsa kamar yadda aka koya masa. Yatsan ya sauka. Ba wanda ya yi dariya. Ya kife wayar a hankali, ya ce a ci sambusa kada ta huce.

Da yamma yaron ya kira, muna nan. Muna jin muryarsa yana murna, rabi Hausa rabi Larabci, yana cewa, "Abuya, ka gani? Na ci shi." Uban ya ce ya gani, Allah ya ba da sa'a gaba, amma wannan karon ya faɗi. Yaron ya ɗauka wasa ne. Da ya gane ba wasa ba ne sai ya ce a ba shi Ummi.

Haka aka yi ta yi har kakar wasa ta ƙare, wata ta shigo. Yana turowa, ana tsayarwa a gwiwa. Daga baya ya daina turo wa ubansa, sai ni da yake kira Ammi, wato baffa da Larabci, yake turo wa, ya rubuta, Ammi, in ya so ya gani. Kiran ma ya koma wayar uwar. Hajiya Rabi ta ce wa mijinta ɗa ɗaya Allah ya bar musu namiji, in ya kore shi da yatsa sai ya nemi wanda zai gaji akwatunan. Ya ce shi bai kori kowa ba, gaskiya ya faɗa, kuma ba zai yi wa ɗansa shari'ar da bai yi wa ɗan wani ba.

Ni ma na gwada. Na same shi shi kaɗai wata ranar aiki, na ce Malam, yaron nan ba maki yake nema a wajenka ba. Ya daɗe yana ƙoƙarin zura wata ƙusa. Sannan ya ba ni labarin da muka sha ji, na kokawarsa ta ƙarshe a Ƙonni bayan girbi, wanda kullum abokin karawar ke ƙara tsawo a cikinsa. Wannan karon bai ƙara masa ko taƙi ba. Ya ce ya riga ya ɗaga mutumin, ƙafarsa ta zame, gwiwarsa ta shafi rairayi, shafa kawai. Makaɗa suka juya wa wancan. Bai yi gardama ba, ya kwance layunsa, bai sake shiga fili ba.

"Ni da tawa ta taɓa, ba wanda ya ce in tashi in ci gaba," in ji shi. Na taya shi riƙe akwatin.

Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa, Injiniya ya yi tafiya, Usman na fama da masu shayi, daga ni sai shi a ƙofar shago. Ya tambaye ni, yana kallon wani wajen, ko yaron nan ya turo wani abu. Na ce ya turo, babban wasa ne, wanda ya ci zai wuce gasar da ta fi. Na miƙa masa wayar. Bai karɓa ba. Ya ɗaga cinya ya tura hannun dama ƙarƙashi, ya ɗaga ɗayar ya tura na hagu, ya zauna a kansu kamar ɗan makarantar da aka hana taɓa abinci.

"Kai riƙe. In na ce ka tsaida, kada ka ji."

Aka fara. Nasiru ya nutsa, gwiwa ta taɓa. Na ji Malam Hamidu ya ja numfashi, kafaɗarsa ta motsa, amma hannun bai fito ba. Yaron ya cafki ƙafar, ya miƙe da ita, ya kai abokinsa ƙasa. Tsohon ya matso har gemunsa na taɓa hannuna. Da aka zo zagaye na biyu Nasiru ya durƙusa, sai Malam Hamidu ya rufe ido ɗaya, ya bar ɗaya. Yaron ya yunƙura ya ƙwace ya juyo. Malam Hamidu ya ce a hankali, "Wannan juyin nawa ne. Wa ya koya mishi?" Sai kuma wancan ya rama, maki suka zo daidai, shi da ya ce kokawa ba jarrabawa ba ce yana tambayata nawa da nawa.

Ana shirin zagayen ƙarshe aka kira magariba. Ya zaro hannuwansa, sun yi sanyi, yana yarfe su. Na ce saura kaɗan. Ya ce Allah ya riga kira, kuma abu mai daɗi ba a cinye shi zama ɗaya. Mu bari sai Juma'a, Injiniya ya dawo, Usman ya sami sarari, a sayo sambusa, in an gama shi da kansa zai kira yaron. Ya ja mini kunne kada in kalla a gida, kada kuma in tambaya.

An yi masa sallah bayan la'asar ranar Larabar, muka kai shi. Nasiru bai samu zuwa ba, iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta daɗe da ƙarewa, kuma gawa ba ta jiran biza. Washegari ya kira ni. Bayan ta'aziyya ya ce da Hausarsa mai tsallake, "Ammi, ya gani?"

Na faɗa masa abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ya zauna a kan hannuwansa. Na ce ya wuce gwiwa, ya wuce durƙuso, ya ce juyin nasa ne. Yaron ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, muka yi sallama.

Allah ya jiƙan Malam Hamidu, ya yafe masa taurin kansa, wanda bai taɓa cutar da kowa da shi da gangan ba. Allah ya sa ranar da duk gwiwoyi za su durƙusa a ce masa tashi ka wuce. Ya ba Hajiya Rabi da Nasiru haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Juma'a ta zo, Injiniya ya dawo, muka zauna a ƙofar rufaffen shago, ba wanda ya ce a kunna. Zagayen ƙarshen har yau ban kalle shi ba, kuma ban tambayi Nasiru wa ya ci ba.