Inshorar Kwalekwalen Inna

Shekarun baya can, ba a daɗe da sauya hannun tuƙi a ƙasar nan an koma dama ba, na sayi wani babur da ya kusa zautar da ni. Lokacin ina malamin dabbobi a Birnin Kudu, ga ƙuruciya, ga albashi ya ɗan ƙaru, kai sai rawa yake. Babur ɗin na wani Bature ne mai aikin hanya da zai koma gida. A gefensa akwai wurin zaman mutum ɗaya, dogo, mai tayarsa daban. Mutanen gari suna ganinsa suka sa masa suna kwalekwale, sunan kuwa ya bi shi.

Ba don burga na saye shi ba, ko da yake ba zan rantse babu burgar ko kaɗan ba. Mahaifiyata tana Zandam, can ƙasar Gwaram, da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Likita ya ce sai ta riƙa zuwa wanki da allura duk mako, in ba haka ba ciwon zai kai ga ƙashi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa ƙafa in ta kai nan. Motar kasuwa ba ta iya hawa. Bayan babur kuwa ba a ma fara maganar. Ni ne ɗanta na fari, mu kuma jinin Fulani ne, duk da Fulatancin ya tsaya a bakin kakanni. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana sai ta faɗa wa ƙanwata ina zaune ina ji. Mace irin wannan ce za ta zauna a bayana ta riƙe ƙuguna? Da na ga kwalekwalen nan sai na ce shi ke nan, tana nata wuri, ina nawa.

Sai maganar inshora ta taso, don ba a hawa titi sai da takardarta. Wakilin kamfanin wani mutumin Kudu ne, Kirista, ya daɗe a Arewa har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yana da ɗan shago kusa da tasha. Ya fito ya zagaya babur ɗin, ya tsaya ya dube ni.

"Malam, ka lura da gefen da kwalekwalen nan yake?"

Na ce hagu mana.

Ya ce, "To, an ƙera shi ne lokacin ana bin hagu, na ciki yana gefen daji. Yanzu da aka koma dama, na ciki ne a tsakiyar titi. Duk babbar motar da ta taho, shi za ta fara shafa."

A nan na gane dalilin faɗin murmushin Baturen ranar ciniki. Ni da nake taƙama na yi wayo. Na garzaya wajen bakanike ko za a mayar da shi dama, ya leƙa ƙasa ya ce shi dai ba zai ɗora uwar wani a kan waldarsa ba.

Na koma wurin wakili. Ya ce akwai inshora ta dole, wadda wanda ka buge a hanya kaɗai take biya wa. In ka ƙara kuɗi sai a sa wanda ke cikin kwalekwale, in ya ji ciwo kamfani ya ɗauki jinyarsa, in ta Allah ta kasance a biya magada. In ka sake ƙarawa sai a sa mai tuƙi. Aljihuna ƙari ɗaya kawai zai iya ɗauka. Na zauna, na tashi, na je bakin ƙofa na dawo, na sa ya maimaita mini daga farko. Daga ƙarshe na ce a sa fasinja, ai ita ce a bakin motoci. Da ya nemi sunanta sai da na waiga ko akwai mai ji, sannan na faɗa a hankali.

Na isa Zandam ina ji da kaina, yara da manya sun kewaye babur. Na shiga gida na durƙusa na gaida Inna, ta amsa tana kallon bango. Sai na fara zuba wa ƙanwata bayanin inshorar da ƙarfi yadda Inna za ta ji: iri nawa ne, wadda na zaɓa, wadda na bari. Ƙanwar nan tawa baki gare ta. Ta ce, "Yaya, in wani abu ya samu Inna, wa za a ba kuɗin?"

Na ce magada.

Ta ce, "Wato kai ke nan," ta tuntsire da dariya.

Ita da wasa ta faɗa, amma akwai maƙwabta a tsakar gida. Kafin la'asar gari ya ɗauka: wai ɗan boko ya rubuta sunan uwarsa a kamfani, ranar da ta mutu zai karɓi kuɗi. Kawuna ya kira ni zaure ya ce wannan rashin tawakkali ne, kuma kiran masifa ne. Washegari na tayar da babur, ƙanwata ta fito fuska ba walwala ta ce Inna ta ce ba ta zuwa.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Wallahi ban taɓa shiga rashin sukuni irin na lokacin ba. Ina tsakiyar yi wa shanu allura sai in tsinci kaina tsaye da sirinji a hannu, makiyayi yana kallona. In na tashi aiki sai in kama hanyar Gwaram da kwalekwale fayau, in isa, in gaida bango, in juyo. Duk zuwan da na yi warin ƙafar nan ya fi na baya. Na je wurin wakili na ce a soke, kafin ya ɗauko alƙalami na ce a bari. Kashegari na sake komawa. Har ya ce, "Malam, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri." Abin da ya fi ci mini rai ba surutun gari ba ne. Tunanin cewa Inna ta yarda na yi wa ranta farashi, shi ne ya hana ni cin abinci.

Ranar da abin ya ishe ni, na shiga ɗakinta na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, in kuɗin ne, na yafe, a rubuta sunan ƙanwata. In takardar ce, ga ta, yanzu sai in yaga ta. Amma ƙafar nan ba za ta jira mu ba."

Ƙanwata ta zaro ido. Inna ba ta juyo ba. Ta daɗe tana gyara tsumman da ke ƙafarta, sannan ta ce wa ƙanwata, "Tambayi yayanki. Takardar ta ce in na ji ciwo za a kula da ni. Shi mai tuƙin fa, me ta ce a kansa?"

Na ce ba ta ce komai ba, kuɗin bai kai ba.

Ta ce, "Ai na ji tun ranar. Ki faɗa masa ni na ci zamanina. Ba zan shiga abin da aka tsare tsohuwa aka bar yaro a fili ba. Ya je a cire ni a sa shi."

Jama'a, na rasa inda zan sa fuskata. Ashe ko kaɗan maganar gari ba ta dame ta ba. Tun ranar farko abin da ta riƙe ke nan, kunya ta hana ta faɗa. Ta gwammace a ce tana zargina, ta gwammace ƙafarta ta ruɓe, da a ji ta a tsakar gida tana tausayin ɗan fari. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ƙato da ni, da hular ma'aikata a kaina.

Cire ta kam ban cire ba. Rediyona ya tafi kasuwa, na koma wurin wakili na ce a sa mu duka biyu. Ya rubuta, ya ce Allah ya ba Mama lafiya, ya kuma roƙe ni kada in sake dawowa sai baɗi. Na kai saƙo ta bakin ƙanwata. Sai Inna ta sa aka ɗauko mata mayafi.

Haka muka riƙa zuwa asibiti har ƙafar ta warke, ba mu taɓa yin ko gocewa ba, kamfani bai taɓa biyan mu ko kwabo ba. Ba ma magana a hanya. Amma na lura da wani abu. Duk lokacin da babbar mota ta taho, ita da motar za ta shafa, ba ta kare kanta. Sai ta miƙo hannunta wajena, ta tsayar da shi daf da gwiwata ba tare da ta taɓa ni ba, har motar ta wuce, sannan ta mayar da shi cikin mayafi. Ni kuma sai in yi kamar ban gani ba, don kada ta daina.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunana a bakinta ba. Da ina yaro abin yana damuna, ina ganin kamar ni ne ba a so a gidan. Yanzu na girmi shekarun da take da su a lokacin, jikoki sun hana ni tuƙi. Amma har yau in ina cikin mota babbar mota ta taho, sai in ga na kalli gefen gwiwata.